HANNU DA SAURI, BAKI DA JINKIRI: MAI IN'INA A SANA'AR ZANE

Jawabin da aka gabatar wa dattawa da 'yan Ikilisiya a taron ƙungiya

 

An ba ni in yi magana a kan sana'ar 'ya'yanmu, ni kuwa na zaɓi wani ɓangare da ba mu cika taɓawa ba. Matasanmu da yawa yau sun shiga sana'ar zane. Wasu suna tsara katin biki, fosta, kalanda da tambarin kamfani a kwamfuta. Wasu suna zana fasalin ɗinki da surfani, wasu allon talla, wasu kuma zanen gini. A cikinsu akwai masu in'ina, kuma sau da yawa mu manya ne muka tura su can. Mukan ce wa yaro, "Tun da bakinka da nauyi, je ka koyi aikin hannu, shi ba ruwansa da magana." Da kyakkyawar niyya muke faɗa. Amma shawarar nan rabin gaskiya ce kawai, kuma rabin da muka bari shi ne yake kayar da su. Abin da nake so mu duba ke nan yau.

MENE NE IN'INA?

In'ina takan fito ta hanya uku. Akwai maimaita farkon kalma, akwai jan harafi ɗaya ya yi tsawo, akwai kuma maƙalewa, inda baki zai buɗe amma sauti ya ƙi fita. Ta ukun ce ta fi wahala, domin mai sauraro yakan ɗauka mutumin ya manta abin da zai faɗa ne. Bai manta ba. Ya san kalmar sarai, fitar da ita ne ya gagara a wannan lokacin.

Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin kowane 100 na manya yana da in'ina. Ke nan majami'ar da take da mutum 300 tana iya samun wajen mutum 3. Takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5. Kusan yara 5 cikin 100 sukan yi ta na wani lokaci, amma wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 nasu sukan rabu da ita kafin su girma. A cikin manya, maza sun ninka mata kusan sau 4.

Daga ina take zuwa? Ba daga tsoro ba, ba daga ƙarancin basira ba, ba kuma don yaro ya kwaikwayi wani ba. Tushenta yana cikin yadda ƙwaƙwalwa take tsara lokacin motsin numfashi, maƙogwaro, harshe da leɓe, kuma sau da yawa gado ce. A 2010 masu bincike ƙarƙashin Dennis Drayna a Amurka suka gano wani sauyi a ƙwayar halitta cikin wasu iyalai na Pakistan masu yawan in'ina. A 2015 kuma suka gano wani ta hanyar nazarin wani babban dangi a maƙwabciyarmu Kamaru. Waɗannan ba su bayyana kowace in'ina ba, amma sun isa su nuna mana cewa ba laifin yaro ba ne, ba laifin uwa ba ne.

Harshen kansa lafiyarsa lau. A 1841 wani likitan fiɗa na Jamus mai suna Johann Dieffenbach ya riƙa yanke wani sashe na harshen masu in'ina da sunan magani. Ciwo aka samu, ba waraka ba, aka kuma watsar da aikin. Saboda haka in wani ya ce a kai yaro wurin wanzami a yanka ƙarƙashin harshe ko a cire beli don in'ina, ku ƙi. Har yau babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana kawar da ita.

Ga wani abin da yake ruɗa mutane a majami'a. Za ka ga saurayi ya kasa faɗin sunansa a ƙofa, amma ya shiga cikin mawaƙa yana rerawa ba tangarɗa, ko ana karatu baki ɗaya yana bi sumul. Sai wani ya ce, "Ashe da gangan yake yi." A'a. Sanannen abu ne cewa waƙa da karatun haɗin baki suna rage in'ina ƙwarai, domin kari da muryar sauran jama'a suna ba ƙwaƙwalwa ma'aunin lokaci daga waje. Da ya koma magana shi kaɗai, sai ta dawo.

SANA'AR ZANE, RABINTA MAGANA CE

Yanzu mu bi mai zane mu ga yininsa. Bari mu ɗauki mai tsara katin biki da fosta.

Kafin ya taɓa kwamfuta, sai kwastoma ya zo ya faɗi abin da yake so. Kwastoma kuwa ba safai ya san abin da yake so ba. Zai ce, "A yi mini mai kyau." Aikin mai zane ne ya yi ta tambaya: su wa za a gayyata, wane launi ne na anko, guda nawa za a buga, a kan wace irin takarda, yaushe ake bukata. Duk wannan da baki ne. Sai ciniki: a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a karɓi kafin alƙalami. Bayan haka ne zai zauna da CorelDRAW ko Photoshop ya yi aikin da ya ƙware a kai, kuma nan ne kaɗai baki yake hutawa. Da ya gama samfuri, sai ya kare shi. Kwastoma zai ce a cusa hotuna 6 da sunayen mutum 40 a kati ɗaya, shi kuma dole ya bayyana dalilin da zai sa rubutu ya ƙi karantuwa. Sai waya zuwa maɗaba'a a kan launin da ya fito ba daidai ba. Daga ƙarshe, bin cikon kuɗi.

Ku ƙirga. A matakai 6, guda 5 magana ce. In kuma a kamfani yake neman aiki, akwai ganawar ɗaukar aiki, akwai taron ma'aikata, akwai ranar tsayawa gaban masu kwangila a gabatar da zane.

To, a ina mai in'ina yake asara? Ba a kan kwamfuta ba. Yakan yi asara a ciniki, domin yakan karɓi tayin farko don kawai maganar ta ƙare. Yakan yi asara a wajen tambaya: ya bar tambayar da ta kamata, ya yi zato, aiki ya fito ba yadda ake so ba, a sake bugawa da kuɗinsa. Yakan yi asara a wajen kare aikinsa, ya ce "to" ga gyaran da ya san zai ɓata zanen, sa'an nan a ce bai iya ba. Yakan bar bashi ya mutu don gudun buga waya. A kamfani kuwa, shi zai kwana yana zane, ranar gabatarwa a tura mai zaƙin baki, a tafa wa wancan, ƙarin girma ma ya bi wancan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san wani matashi a ɗaya daga cikin majami'un da na yi hidima, wanda ya yi shekaru yana aiki a wani shagon buga takardu. Kusan kowane kati mai kyau da ya fita daga shagon, hannunsa ne. Amma kwastomomi ba su san fuskarsa ba, domin an ajiye shi a ɗakin baya kada ya "ɓata wa mutane lokaci." Ranar da ya buɗe nasa shagon, sai ya tarar ba shi da kwastoma ko ɗaya da ya san sunansa. Ba ƙwarewa ya rasa ba. An hana shi rabin sana'ar ne tun yana koyo.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN RUWA

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Joseph Sheehan, wanda shi ma mai in'ina ne, ya kwatanta ta da dutsen ƙanƙara a teku, wanda ɗan ƙanƙanin sashensa ne kawai yake bayyana a sama. Mu da ba mu san wannan dutse ba, mu tuna da dorina a kogi: kunne da hanci kake gani, amma gangar jikin tana ƙasa. Maimaita kalma da kuke ji, kunnen dorina ne. A ƙasa akwai kunya, fargaba, da lissafin da ba ya ƙarewa.

Mai in'ina yakan hango kalmar da za ta maƙale tun kafin ya kai gare ta, sai ya sauya ta da wata. Yana so ya ce shuɗi, sai ya ce "wancan launin." A hira ba komai. A sana'ar zane kuwa, inda sunan launi, girman takarda da farashi suke bukatar a faɗe su daidai, wannan sauyi yana jawo kuskure. Kuma akwai kalmar da ba ta sauyuwa, wato sunan mutum, shi ya sa gabatar da kai yake cikin mafi wuyar abubuwa a gare su. Akwai waɗanda suka ƙware wajen ɓoyewa har ba ka sanin suna da in'ina; sai dai ka ce masu shiru ne, ko masu girman kai. Mukan kuma ce mai in'ina saurin fushi gare shi. Ɗan'uwa, in ana katse ka sau goma a yini, ana ƙarasa maka magana da abin da ba shi kake nufi ba, yara suna kwaikwayonka manya suna dariya, kai ma za a ce kana da zuciya.

WAƊANDA SUKA RIGA SU

Kada matasanmu su ɗauka su ne farau. A gidan sufaye na San Galen, a ƙasar Suwizalan ta yau, an yi wani malami mai suna Notker wanda ya rasu a shekara ta 912. Laƙabin da tarihi ya san shi da shi ma'anarsa mai in'ina, amma ana lissafa shi cikin manyan masu tsara waƙoƙin sujada na zamaninsa. Sarkin Ingila George na 6, wanda ya hau gadon sarauta a 1936, ya fara aiki da mai gyaran magana Lionel Logue tun 1926. In'inar ba ta rabu da shi gaba ɗaya ba, duk da haka shi ya yi wa jama'arsa jawabi ta rediyo ranar 3 ga Satumba 1939, ranar da ƙasarsa ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu.

A cikin sana'ar da muke magana a kai, akwai Conor Foran, mai zane ɗan ƙasar Ayalan. Maimakon ya ɓoye in'inarsa, sai ya mai da ita kayan aiki. Ya tsara wani salon haruffa mai suna Dysfluent Mono, inda harafi yake miƙewa ko ya maimaita kansa kamar yadda mai in'ina yake furta shi, ya kuma fitar da mujalla mai suna Dysfluent wadda take buga hirar masu in'ina yadda suka faɗe ta, ba tare da an goge tangarɗar ba. A 2022 yana cikin waɗanda suka tsara wata tuta domin masu in'ina. Ba dole kowa ya bi hanyarsa ba. Amma ya nuna cewa abin da mutum yake jin kunyarsa yana iya ba shi idon da sauran masu zane ba su da shi.

Littafin Fitowa ma ya haɗa mana batutuwan nan biyu. A sura 4 Musa ya kawo ƙarar nauyin bakinsa da harshensa. Masana sun sha bamban a kan ko in'ina ce ko wata matsala, amma ku lura da yadda aka yi: ba a ba mu labarin an sauya masa harshe ba, an ba shi Haruna ya tsaya tare da shi, aikin kuwa ya zauna a hannun Musa. A sura 31 da 35 kuma ga Bezalel da Oholiyab, masu zane da sassaƙa da saƙa da surfani, waɗanda aka kira da sunansu, aka kuma ba su baiwar koya wa waɗansu. Ba a ɓoye su a ɗakin baya ba. Darasi biyu ke nan: mataimaki ba ya ƙwace aikin mai aiki, kuma mai zane yana da suna.

GA KU MASU SANA'AR

'Ya'yana, ga shawara kaɗan.

Na farko, faɗa tun da wuri. Ka ce wa kwastoma, "Ina da in'ina, sai ka ɗan yi haƙuri da ni." Masu gyaran magana suna koyar da wannan, domin yana sauke nauyin ɓoyewa daga kanka, yana kuma hana mai sauraro yin mummunan zato in ka maƙale.

Na biyu, bari aikinka ya riga bakinka isa. Ka tara samfuran ayyukanka a waya ko a littafi, ka ajiye su gaban mutum kafin a fara magana. Wanda ya ga aiki mai kyau yakan iya jira.

Na uku, rubuta farashi. Takardar farashi a bango ko a waya tana rage rabin ciniki. Ka kuma tanadi takardar tambayoyi ga kowace oda: launi, girma, adadi, ranar karɓa, kafin alƙalami, ciko. Bayan kowace magana ka tura saƙon WhatsApp mai maimaita abin da aka shirya. Wannan tsari ne mai kyau ga kowane mai sana'a, ko da bakinsa kamar rediyo yake.

Na huɗu, kada rubutu ya zama maka kogon ɓuya. Gudun magana yana ƙara wa tsoro ƙarfi. In ka guje wa waya yau, gobe za ta fi ba ka tsoro. Ka fara da kiran da ba shi da nauyi, ka riƙa hawa a hankali. Ranar gabatar da zane, ko da wani zai taimake ka, ka tsaya a wurin, ka faɗi naka sashen da bakinka.

Na biyar, in da hali ka nemi ƙwararren mai gyaran magana. Ba su da yawa a ƙasar nan, amma a tambaya a manyan asibitocin koyarwa. Ba alkawarin rabuwa da in'ina za su yi wa babba ba. Za su koya maka yadda za ka fita daga maƙalewa ba da kokawa ba, da yadda za ka rage fargaba.

GA MU DATTAWA DA IYAYE

Mu kwastomomi ne, ko mun sani ko ba mu sani ba. Kowace shekara muna buga tsarin taro, kalanda, katin godiya, rigunan matasa da zanen Zumuntar Mata. Saboda haka maganar nan ta shafi yadda muke ciniki.

In kana magana da mai in'ina, jira shi. Kada ka ƙarasa masa kalma. Kada ka ce, "Kwantar da hankalinka," ko "Ja numfashi"; ya ji wannan sau dubu, kuma ba ta taimako. Kada ka kau da fuska. Ka dube shi kamar kowa, ka saurari abin da yake faɗa. In ba ka gane ba, ka ce ya sake, ya fi ka gyaɗa kai a banza. A waya, in ka ji shiru, kada ka yi saurin kashewa. Karin Magana 18:13 ta kira amsawa kafin a gama ji wauta da abin kunya, Yaƙub 1:19 kuma ta sa sauraro gaba da magana. Ga wurin aikata su.

In kwamiti zai ba da aikin zane, a duba samfuri, kada a duba wanda ya fi iya tsara zance. In mai zanen yana da in'ina, a ba shi lokaci a taro, a kuma yarda ya kawo bayaninsa a rubuce. Kada a yi amfani da nauyin bakinsa a karya masa farashi. Kada kuma a riƙe masa ciko don an san ba zai iya zuwa ya yi hayaniya ba. Wannan zalunci ne, ko da da sunan aikin Ubangiji aka yi shi. A kuma sa sunansa a ƙasan aikin da ya yi, domin ta haka ne wani aikin yake zuwa.

Ku masu shaguna da kuke da yara masu koyo, kada ku ware mai in'ina daga kwastoma. Ku zaunar da shi kusa da ku ya ga yadda ake karɓar oda da ciniki, sa'an nan ku bar shi ya gwada. Ku tuna kuma cewa tun Janairu 2019 Najeriya tana da dokar da ta haramta nuna bambanci ga masu nakasa. Amma mu bai kamata sai doka ta tilasta mana ba.

Iyaye da malaman makarantar Lahadi, in yaro ya fara in'ina, kada a tsawata masa, kada a sa shi ya yi ta maimaitawa gaban jama'a, kada a bar 'yan'uwansa su kwaikwaye shi. Ku rage saurin maganarku da shi, ku ba kowane yaro lokacinsa na magana. In ta wuce wata 6, ko akwai mai ita a dangi, ko yaron ya fara gudun magana, a nemi ƙwararre da wuri, gama taimako ya fi tasiri kafin yaro ya kai shekara 6. In kuma yana son zane, ku ƙarfafa shi domin yana da baiwar, ba domin a ɓoye shi ba. Wani mai in'inar malami zai zama, wani lauya, wani mai wa'azi.

Ranar 22 ga Oktoba ta kowace shekara, tun daga 1998, ita ce ranar wayar da kai a kan in'ina a duniya. Ina ba da shawara kowace majami'a ta ɗauki Lahadin da ta fi kusa da ranar, ta yi wa jama'a ɗan bayani a kan abin da muka ji yau. In akwai mai in'ina da yake so ya yi karatu ko sanarwa, a ba shi, kada a tilasta masa, kada kuma a hana shi. Karatun da ya saba ɗaukar minti 2 zai iya ɗaukar 4. Mun sha zama fiye da haka muna jiran a gyara lasifika.

'Yan'uwa, ba a roƙe mu kuɗi a wannan batu ba, ba a roƙe mu gini ba. Daƙiƙa kaɗan ne na haƙuri, farashi na gaskiya, da ambaton sunan wanda ya yi aiki. Dattijon da ya koma gida ya yi waɗannan uku ga yaro ɗaya, ya buɗe masa rabin sana'ar da aka rufe masa.

 Allah ya ba mu kunnen ji da zuciyar jira. Amin.